Abin Bauta na Uku da Baba Bai Faɗa Mini Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifina, mai walda, wanda duk layinmu ke kira Tartsatsi. Ya faɗi a bakin shagonsa, baƙin gilashin aiki na goshinsa, yana auna wata ƙofa da bai gama ba. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ina makaranta ina duba takardun ɗalibaina ƙanwarsa, Goggo, ta kira ni ta ce, "Ki taho gida yanzu, ki taho da haƙuri."

Baba, kwana uku gida yana cike ana faɗin alherinka. Matar da ɓarayi suka ɓalle wa ƙofa ta ce kai ka turo injinka a baro ka gyara mata, sannan ka balbale ta da faɗa don ta sayo maka lemo. Mai gyaran takalma na bakin titi ya nuna keken guragun da ka haɗa masa da ragowar bututu, shekara goma sha biyu yana hawa. Duk wanda ya gama yabo sai ya ƙara da, "Amma fa akwai faɗa," a yi dariya ana share hawaye. Ba su yi maka ƙarya ba. Ba a banza aka sa maka Tartsatsi ba.

Abin da ba wanda ya faɗa, don ni kaɗai na sani, shi ne labarin dodanni.

Ina shekara bakwai na shigo shagonka da gudu in nuna maka haƙorina da ya fita. Ka ajiye ƙarfen da ka gama yi wa walda a ƙasa, ka juya kana faɗa da mai kawo kaya. Na yi tuntuɓe na dafa ƙarfen mai zafi da hannun dama. Wata biyu muka yi muna zuwa wankin ciwo kowace safiya, kuma da nas ta ɗauko almakashi da auduga, ana jin ihuna har bakin titi. A rana ta uku ka durƙusa gaban bencin asibitin da nake zaune a kai ka ce, "Uwata, kin san dodannin nan masu fikafikai, masu aman wuta, su ma suna da waɗanda suke durƙusa wa?" Na yi shiru don in ji. Nas ta gama aikinta ban sani ba.

A kan bencin nan ka gina mini duniya guda, mai baƙaƙen duwatsu da kogunan narkakken ƙarfe. Ka ce dodo ba ya bauta wa mai ƙarfi, tunda a can babu wanda ya fi shi, abin da ya gagare shi yake bauta wa. Ta farko Uwar Raɓa ce, mai sauka a kan ciyawa ba ta karya ko ɗaya. Dodanni kan kwanta da sassafe su riƙe numfashi, ko za ta yarda ta sauka a hancinsu. Na biyu Tsoho Mai Toka, wanda ke bin bayansu da tsintsiya yana tara duk abin da suka ƙona cikin fushi, kuma ba ya mantuwa. Wata rana wani dattijo a layin ganin likita ya ji ka, ya ce, "Malam, wannan wane irin shirka kake koya wa yarinya?" Ka ce, "Alhaji, dodanni ne, ba a aiko musu manzo ba. Mu da aka aiko mana ga mu nan muna sa ido a asibiti."

Ka ce su uku ne. Kullum na tambayi na ukun sai ka ce, "Sai hannun ya warke." Hannu ya warke, ya bar tabo daga tafi har wuyan hannu, yatsu biyu suka ɗan lanƙwashe. Sai ka ce sai na gama firamare. Daga baya na girma na daina tambaya.

Amma akwai abin da ban daina lura da shi ba. Tun ranar ƙunar ba ka ƙara riƙe hannuna ba. In za mu tsallaka titi, hannun rigata kake kamawa. In na miƙo maka ruwa sai ka ce in ajiye a ƙasa. Na ɗauka ƙyamar tabon kake yi, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Shekara ashirin da shida ina ɓoye hannun cikin mayafi in na zo gaishe ka. Ban tambaya ba, kai ma ba ka faɗa ba. Nauyin baki dai a wurinka na gada.

Ran Asabar Inna ta ba ni makullin shago in kwashe kayanka, don ita ta ce ba za ta iya shiga ba. A aljihun tebur na sami littattafan da kake rubuta awon ƙofofi da tagogi. A shafin ƙarshe na kowanne akwai zane iri ɗaya da fensir: ƙaton dodo ya kwantar da kai a ƙasa, bakinsa ɗaure da waya, gabansa wata 'yar yarinya mai giɓi ta ɓoye hannu ɗaya a baya. Littafi goma sha tara na ƙirga. A na bana ka yi rubutu a ƙarƙashin zanen: "Ta uku, Ƙaramar Mai Tabo. Ba a roƙonta ruwa, ba a roƙonta tsawon rai. Dodon da ya ƙona ɗansa yakan kwanta gabanta yana jira ta ce ta yafe. Ba ya iya tambaya, don in ya buɗe baki wuta ce ke fitowa."

Na zauna a ƙasa cikin garin ƙarfe na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe ina ɓoye hannu don kada ka gan shi, kai kuma kana ganin ɓoyon kana cewa ban yafe ba. Ban taɓa ce maka na yafe ba saboda ban taɓa ganin laifinka ba, ni ce na shigo da gudu. Da na sani, Baba, da tun ina da giɓi na faɗa maka.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka. Kai da ka ƙare rayuwa a gaban wuta don ka ciyar da mu, Allah Ya haramta wa wuta jikinka. Inna, Goggo da ƙannena, Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya saka wa duk wanda ya tako ya yi mana gaisuwa.

Ya Allah, da hannun da ya ƙone na rubuta wannan. Ka shaida na yafe, Ka isar masa.