Zugazugin Kaka da Numfashin Laraba

A gidan hayar da muka taso a Kakuri, komai na yamma yana da jerinsa. Da farko a ci tuwo. Na biyu a wanke kwanuka. Na uku a yi addu'a. Sai bayan waɗannan ukun Kaka, uwar mahaifinmu, take jawo kujerarta kusa da murhu, inda ragowar wutar girki ke ci a hankali. Wanda bai wanke kwanonsa ba, ba shi da tatsuniya. Ni ban taɓa karya wannan doka ba. Ƙanwata Laraba kuwa kullum sai an kora ta bakin famfo.

Kaka daga wani ƙauye a Nasarawa ta zo. Mijinta maƙeri ne kafin ya rasu, shi ya sa rabin tatsuniyoyinta a maƙera suke faruwa.

"Ga tawa ta fito, wa zai tare ta?"

"Mu ne!"

"Maigidan, saki fuskar nan," in ji ta gare ni. "Yaro da kai kamar hedimasta."

Wai wani maƙeri yana da ma'aikata biyu, Zugazugi da Garwashi. Zugazugi mai baki ne, duk wanda ya wuce ƙofa shi yake ji, fuu, faa. Kullum yana goranta wa Garwashi cewa shi ke ɗauko iska, wani kuwa yana kwance yana jan ido. Garwashi bai taɓa tanka masa ba. Rannan wata mata da mijinta ya mutu ta kawo fartanyarta da ta karye. Damina ta sauka, idan ba ta yi noma a makon ba, 'ya'yanta ba su da abinci. Ashe rufin maƙerar ya yi yoyo, ruwa ya jiƙe Garwashi sharkaf. Maƙeri ya ɗora ƙarfe, Zugazugi ya hau aiki. Ya hura da safe, ya hura da rana, ya hura har fatarsa ta fara tsagewa. Iska na shiga, iska na fita, ƙarfe yana nan sanyi ƙalau. Da rana ta faɗi, matar ta ɗauki fartanyarta gida biyu ta tafi.

"Ai sai ya ƙara hurawa!" in ji Laraba.

"Ya hura wa wa, uwar surutu? Mai karɓa ba ya nan."

"To 'ya'yan matar fa?"

"Ban bi ta gida ba. Nan tawa ta tsaya, kowa ya je ya wanke ƙafa."

Darasin da na ɗauka a lokacin shi ne mai surutu ba shi ne mai aiki ba. Na yi zaton da Laraba ake, har na ji daɗi.

Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Na kama aikin sito a wata masana'anta a Kudenda, Laraba ta buɗe shagon ɗinki a Sabon Tasha. A daminar bana, ranar wata Alhamis da rana, tana sauri ta gama ankon zumuntar matan cocinsu. Babu wutar lantarki, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta jawo janareto cikin shago don kada ya jiƙe, ta turo ƙofa saboda feshi. Da ruwa ya ɗauke, maƙwabcinta mai sayar da kayan mota ya leƙa, ya same ta kife a kan keken ɗinki.

Na iske ta a asibiti an sa mata robar oksijin a fuska. Ƙirjinta yana hawa yana sauka daidai, kamar mai barci. Kwana biyu ba ta buɗe ido ba. A rana ta uku na tare wata nas.

"Sista, ga shi tana numfashi. Me ya hana ta tashi?"

"Baba, zauna. Abin yana da tsawo."

"Ki faɗa mini ɗaya bayan ɗaya, zan gane."

Ta ce na farko numfashi ne: ƙirji ya buɗe, iska ta shiga huhu, ta fito. Wannan shi nake gani. Na biyu, jini ya ɗauki oksijin daga huhu ya kai ko'ina. Na uku, a cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jiki, ana amfani da oksijin ɗin a ƙona abincin da muka ci, a fitar da ƙarfin da zuciya da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi.

"Na ukun nan ba a ganinsa, ba a jinsa," in ji ta. "Ko masarar da ke cikin buhu tana yinsa, alhali ba ta da huhu. Shi ne rai, Baba. Numfashi ɗan aike ne kawai."

Ta ce a hayaƙin janareto akwai wata iska marar wari da ke shiga jini ta zauna a kujerar oksijin ta ƙi tashi. Laraba ta yi ta numfashi a shagon, amma saƙon bai isa ba. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta jure wannan yunwa.

"Yanzu mun kori gubar daga jininta. Abin da ya lalace a ciki kafin a kawo ta, shi ne ba mu sani ba."

"To me zan sayo?"

"Babu abin saye."

"Me zan yi?"

"Ka riƙa zuwa kana yi mata magana."

Ni mutum ne da idan aka ba ni aiki mai matakai, ina bin su har ƙarshe. Wannan ba shi da matakin da hannuna zai kai. A nan na gane ba Laraba Kaka take yi wa hannunka mai sanda ba. Tsohuwar ta binne miji da 'ya'ya uku, ta san yadda ake tsayawa a kan mutum ana yin duk abin da ake iya yi daga waje, ana jiran amsa daga ciki. Shi ya sa ba ta ƙara wa tatsuniyar ƙarshe mai daɗi ba, ko da yarinya ta roƙa.

Yau kwana goma sha tara. Ina tashi aiki ƙarfe huɗu, in hau keke napep zuwa asibiti, in wanke hannu, in zauna, in karanta wa Laraba Zabura, sannan in ba ta labarin unguwa. Ƙarfe shida Mama take kira daga Kamazou, domin ƙafafunta ba sa kai ta ko bakin titi. Jiya na yi niyyar yi wa Mama bayanin nas, ɗaya, biyu, uku. Na shirya shi tsaf a kaina.

"Ishaya, kana wurinta?"

"Ina nan, Mama."

"Tana numfashi?"

Na dubi ƙirjin Laraba. Ya hau, ya sauka.

"Tana yi."

"To, mun gode wa Allah. Ai shi ke nan."

Na ce mata, "I, Mama."