Waya Uku a Kan Gidanmu

Da maigidana ya ajiye aiki a gidan waya na Dogon Dutsi, na yi zaton zan huta. Ashe aikin ne ya biyo shi gida. Ya zo da wani tsohon akwatin rediyo, ba irin na jin labarai ba, irin wanda ake magana a ciki wani ya amsa daga nesa. Takardar izininsa har gilashi ya sa mata ya rataye, alhali hoton aurenmu yana ƙasan adaka.

Wanda yake magana da shi kullum bayan la'asar amininsa ne na Kore Mairuwa, tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, tare suka yi aiki. Ciwon ƙafa ya zaunar da aminin, ba ya iya shiga mota. Akwatin nan ne kaɗai ya rage musu, don su biyun sun raina salula, wai ta ƴan kasuwa ce. Su gaisa, su yi gardamar ruwan bana, su zagi gwamnatin da ta shuɗe. Ko ni da ba na son ƙarar abin, in na ji yana ƙyaƙyata dariya sai raina ya yi fari.

To, sai kunnensa ya fara nauyi. Kowa ya lura. Ka ce masa tuwo ya sauka, ya ce wa ya zo. Na taɓa gwada faɗa masa a lallaɓe, ya ce ni ce na koyi magana ƙasa-ƙasa kamar amarya. Ni! Da ake jin muryata daga bakin rijiya. Daga damina ya soma kiran amininsa yana cewa ba a amsawa, ni kuwa ina madafa ina jin bawan Allah yana ta sallama cikin akwati.

Laifi ya faɗa kan eriya. Ya sauke tsohuwar, ya ja doguwar waya daga taga har kan bishiyar bedin ƙofar gida. Ba ta yi ba. Ya warware wayar wani mataccen inji ya yi wata eriya mai hannu biyu, ya ɗaga tsakiyarta da gora, gefe a rumbu, gefe a katangar maƙwabci. Ita ma shiru, in ji shi. Ta ukun ya zagaye gidan da ita kaf, har sai ka sunkuya za ka shiga makewayi. Tantabaruna suka yi ƙaura. Ya kafa ƙarfe a ƙasa, kullum yana zuba masa ruwa wai don waya ta ji sanyin ƙasa, ruwan da nake saye a wurin mai kura. Barkonon da na shuka bai taɓa samun wannan gata ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da ya ce, "In duk ukun sun ƙiya, to ba waya ba ce. Shi ne ya gaji da ni." Ya faɗa yana dariya, amma ranar bai taɓa abinci ba.

Sai ya sa ranar gwaji, wata Juma'a bayan la'asar, ya gayyato shaidu. Dattawan unguwa suka zauna ƙarƙashin rumfa. Har da maƙwabcinmu, wani matashin ɗan kasuwa mai gajeren wando, wanda bai taɓa ganin kuskure ya kau da kai ba. Ya gyara wa liman karatu, ya gyara wa mahauci sikeli, ni kaina ya taɓa aiko mini da nasiha kan turaren wuta. Da na gan shi na ce alhamdu lillahi, yau gaskiya za ta fito. Na kawo fura na raɓe a bakin ƙofa.

Aka jona doguwar. Maigida ya danna abin magana ya yi kira. Nan take muryar amininsa ta cika gidan, har kajina suka watse.

"Wa alaikumus salam! Ina jin ka tangaran!"

Maigida ya karkata kai, ya yamutsa fuska. "Kun ji wani abu?"

Dattawa suka kalli juna. Wa zai ce wa babban mutum, a gidansa, furarsa na hannunka, kunnenka ya mutu? Babbansu ya gyara murya ya ce, "Gaskiya, Alhaji, sai dai ɗan shuu."

Sauran suka ce ƙwarai, shuu ne.

Aka koma mai hannu biyu. Muryar ta ƙara fitowa, har tarin mutumin ana ji. Wani ya ce wannan ta fi waccan shuu. Wani ya ce a'a, shuu ɗin farko ya fi kauri. Wallahi gardama suka kama a kan haka, da hujjoji, ɗaya ma yana cewa bedi ne ke shanye magana saboda ɗacinsa. Na zuba wa ɗan kasuwa ido. Ya duƙar da kai yana juya ludayi. Da maigida ya tambaye shi kai tsaye, sai ya ce, da ƙarfi don a ji, "Baba, Allah ne masani." Kai! Ji nake kamar in kifa masa ƙwaryar.

Ta ukun ma haka aka yi mata shaidar zur. Maigida ya gyara zama. Sannan ya ce wayoyinsa lafiyarsu lau, shi ya san aikinsa. Ya ɗauki abin magana, ya danna.

"In kana ji na, to ka ji. Tun muna yara ban taɓa yi maka abin da za ka share ni ba. Daga yau ba ni ƙara..."

Ban san sa'ad da na tsallake takalman mutane ba. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya gaban baƙi ba, na tsaya a kansa na kware baki.

"Alhaji, yana magana! Tun ɗazu yake magana! Kowa nan ya ji, kai ɗai ne ba ka ji ba!"

Ya saki madannin. Ya dube ni, ya bi fuskokin shaidunsa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Na ga lokacin da abin ya shige shi, kuma tausayinsa ya kama ni. Akwatin na ta magana. Ya kai hannu ya taɓa kunnensa, ya sauke.

"Mi yac ce?" ya tambaye ni a hankali.

Na durƙusa na kai bakina saitin kunnensa.

"Ya ce don Allah kar ka yi fushi. Tun damina yake amsa maka. Ya zaci tasa wayar ce ba ta kawowa, ya sa an sake masa ita har ya gaji."

Maigida ya goge ido da bakin rigarsa. Ya matsa gefe a kan tabarma ya bar mini wuri, ya danna, ya yi sallama.