Baƙar Wayar Injiniya

Injiniya bai gama makarantar koyon sana'a ba, amma sunan ya bi shi har tsufa. Tun a shekarar farko yakan haɗa wutar ɗaki kafin malami ya gama zana ta a allo. Launin waya ne ya raba shi da malamin. Malamin ya ce jar waya ce mai wuta, baƙa kuwa ba ta cizo, haka kowa ya yarda. Injiniya ya ce wuta ba ta da ido, ina ta san launi?

"Ba don wutar aka yi ba," in ji malamin. "Don wanda zai zo bayanka ne."

Injiniya ya ce aikinsa ba ya bukatar na baya. Ya ci sifili, ya tattara kayansa ya kama gabansa.

Kuma a faɗi gaskiya, aikin nasa ba ya lalacewa. Rabin gidajen unguwa shi ya ja musu wuta, kuma duk wayar da hannunsa ya fara kamawa ita yake sawa. In wani mai gyara ya buɗe akwatin wutar da ya haɗa, sai ya yi tagumi, ya rufe, ya ce a nemo mai shi. Wannan yana faranta wa Injiniya rai ba kaɗan ba.

Autarsa ce ta gaje shi. Ta shiga makarantar da ya bari, tana bin ƙa'ida sannu a hankali, shi kuwa yana tsokanarta da 'yar littafi.

Rannan ƙwan lantarkin kicin ɗinsu ya ƙi kamawa, uban ba ya nan. Ta hau tsani, ta kauce wa ja kamar yadda aka koya mata, ta kama baƙa. A asibiti ya same ta, yatsu biyu a ƙone, hannu a karye.

"Baba, laifina ne," ta ce. "Littafi ya ce a gwada tukuna."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya fita baranda ya yi kuka.

Washegari ya sayo jar waya, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa, ya ce zai sake musu aikin kyauta.

"Injiniya, ai ba abin da ya lalace," in ji maƙwabcin.

"Na sani. Matsa in wuce. Yarinyata ce za ta zo bayana."