Safar da Na Ba 'Yar Wani

Ni na zaɓi hanyar da za mu bi a kan dutsen nan. Wannan nake so a fara sani, domin duk mai ba da labarin a danginmu sai ya tsallake wurin. Sati uku na yi ina zaɓenta, kuma da ranar ta zo ba ita aka bi ba.

Lokacin muna haya a wani bene da ke bayan titin Wendover Avenue a garin Greensboro, nan ƙasar Turawa, ina aiki a wani ƙaton kanti, ɓangaren karɓar kayan da aka dawo da su. 'Yata tana da shekara shida, ita kaɗai Allah ya ba mu a lokacin. Ba zan rubuta sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma yadda aka rene ni uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ni ma haka uwata ta yi mini, ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Wata rana yarinyar ta dawo daga makaranta da hoton yara suna tafiya a kan dusar ƙanƙara, kowa da wani faffaɗan abu kamar faifai ɗaure a ƙarƙashin takalminsa don kada ya nutse. Ta ce ita ma tana so. Ƙanƙarar Greensboro ba ta da alƙawari, ta zubo da safe a rufe makarantu, kafin la'asar ta zama caɓi. Ta gaske sai an tafi duwatsun yamma, tafiyar kusan awa uku.

Akwai wata dattijuwar Baturiya da muke aiki tare, a waɗannan duwatsun aka haife ta. Ita ta zaunar da ni lokacin hutun cin abinci ta karantar da ni. Ta ce mai ƙaramin yaro ya nemi gajeriyar hanya wadda take zagayowa inda ta fara, marar hawa, cikin bishiyoyi don iska, kusa da ɗakin da ake jin ɗumi. Ta buga tebur ta ce kada in yarda da hanyar da take tsallaka rafi, ko da an rantse mini ya daskare. Safar ulu, ba ta auduga ba, kuma in riƙe wata busasshiya a jaka. In riƙa duba yatsun ƙafa, in sun yi fari sun yi tauri a juyo. Abu na ƙarshe da ta faɗa shi ne yaron da yake kukan ƙafarsa na ciwo da sauƙi, wanda ya daina kukan shi ne abin tsoro.

Na samo taswirar wurin, kowace hanya da launinta, koriyar ce ta dace da bayanin dattijuwar, na bi ta da biro har takardar ta kusa hujewa. Na sayi safar ulu ƙafa biyu.

Sai maigidana ya gaya wa yayansa. A gidanmu ko labule za a canja sai Yaya ya ji. Alhaji shi ya kawo ƙanensa ƙasar nan, yana sayar da motoci, gidansa yana gefen Irving Park, unguwar masu kuɗi, amma in kin ji yana kwatance sai ki ɗauka shi ya yanka unguwar. Ya ce za su zo, shi da matarsa Hajiya da autarsu mai shekara biyar, a babbar motarsa za mu tafi. Ban ji daɗi ba, amma na ce Allah ya kai mu.

Ana gobe tafiya aka yi suna a gidan wasu maƙwabtanmu 'yan Ghana, aka kawo mai lalle. Yarinyata ta miƙa hannu da ƙafa, aka yi mata ja da baƙi har bakin farce. Ta kwana tana kallon ƙafafunta.

Da muka isa, muka karɓi faifayen nan haya, kowa ya ɗaura. Na fito da taswirata na nuna wa maigidana. Alhaji ya miƙo hannu ya karɓe, ya ɗaga tabarau.

"Wannan koren ai baby trail ne, hanyar jarirai," in ji shi. "Mu yi driving awa uku don mu zagaya bayan parking lot? Blue za mu bi. Akwai view a sama, sai a yi hoto a tura gida."

Na dubi maigidana. Ya sunkuya yana gyara maɗaurin da ya riga ya ɗaure.

"Yaya," na ce, murya ƙasa-ƙasa, "shuɗiyar akwai rafi."

"Rafi a wannan sanyin? Ai ya zama dutse. Amarya, ke dai kin cika tsoro."

"Yadda Yaya ya ce," in ji maigidana.

Yayan miji a wurinmu uba ne. Ko abinci ba na iya ci a gabansa, balle in ja da shi a bainar jama'a a kan wata 'yar takarda. Na ninke taswirar na sa a aljihu, muka kama shuɗiyar hanya.

Da fari abin sha'awa. Yaran suna tafiya a tattale kamar 'yan agwagwa, suna faɗuwa suna dariya. Bayan kamar rabin awa muka iso rafin. Manya suka taka duwatsu suka haye. Yarinyata ta taka inda ya yi kama da ƙasa, ƙanƙarar ta fashe, ƙafarta ta dama ta shige ruwa har sama da idon sawu. Na fizgo ta, na zaunar da ita a kan wani kututture, na cire takalmin na zazzage ruwan. Na zaro busasshiyar safar daga jaka.

Daidai nan autar Alhaji ta zauna daɓas a ƙanƙara ta fashe da kuka, wai ƙafarta sanyi. Ita ba ta shiga ruwa ba. Hajiya ce ta sa mata wata siririyar safar kwalliya mai leshi a baki, irin ta zuwa biki. Hajiya ba ta roƙe ni ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Kallon safar da ke hannuna kawai ta yi, ta ce, "Kai, ni shaf na manta ban ɗauko wata ba."

Da na sa wa tawa, na san abin da za a ce: ta fifita 'yarta, ba ta da kara, 'yar fari ma guda ko kunya babu. Abin da ya zo mini a rai ke nan, ba maganar dattijuwar nan ba. Na durƙusa na sa wa autar safar. Na matse jiƙaƙƙiyar da hannu, na mayar wa 'yata a ƙafa, na ɗaure takalmin.

Daga nan hanyar ta miƙe sama, bishiyoyi suka ragu, iska ta samu wuri. Autar ta ce ta gaji. Hajiya tana fama da gwiwa, Alhaji ya yi gaba da waya a sama yana ɗaukar bidiyo, maigidana yana ɗauke da jakar abinci da fulas. Na kwance zanen da na yi ɗamara da shi a kan kwat na goya ta. Ɗa ai na kowa ne, haka muke cewa.

Yarinyata tana biye da ni, riƙe da bakin rigata.

"Mama, my foot hurts."

"Yi haƙuri, mun kusa."

Can kuma, "Mama, ƙafata. Carry me small."

"Ke ba babba ba ce? Ba ki ga na goya ƙanwarki ba? Yi shiru."

Sau uku ta faɗa. A na ukun na daka mata tsawa, don Hajiya tana kusa, ina so ta ji. Daga nan ba ta sake magana ba. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi: da ta yi shiru, sanyi na ji a raina, na ce ta haƙura. Ni da aka zaunar aka gaya mini ma'anar wannan shirun.

A saman dutsen Alhaji ya jera mu aka yi hoto. Suna buɗe fulas na ja yarinyar bayan wani dutse, kamar mai shirin sata, na cire mata takalmi. An ce in duba ko yatsun sun yi fari. Ina zan ga fari? Lalle ya rufe su ruf, ja da baƙi, gwanin kyau. Na matsa ƙaramin yatsan na ji shi da tauri.

"Da zafi?"

"A'a, Mama. I don't feel it. Ba na jin komai."

A nan bakina ya buɗe. Na kwance autar na dire ta a gaban ubanta, na ce ga 'yarka nan, na kira maigidana da sunansa na yanka a gaban yayansa, abin da ban taɓa yi ba, na ce ya ajiye tarkacen nan ya ɗauki 'yarsa. Na naɗe ƙafar da mayafina. Ya saɓa ta a kafaɗa muka gangaro, ina bin sa ina zage-zage, ban ma san wa nake zagi ba. Ashe ina da murya. Awa biyu da suka wuce tana nan a maƙogwarona, na adana ta.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta yi ta goga auduga a yatsun tana tambaya ko fenti ne. Likitan ya tambayi tsawon lokacin da safar ta yi a jiƙe, na faɗa. Ya tambaya ko ba mu da busasshiya. Na ce muna da ita. Ya dube ni yana jiran sauran bayani, ni kuwa sai na sunkuyar da kai.

Yatsu biyu suka yi bororo, faratansu suka fita. Na kusa da ƙaramin ya warke. Ƙaramin kuwa bayan makonni sai da aka yanke kansa.

Alhaji ya zo dubiya da kwalin lemo, ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta karɓe taswira daga hannuna ba. Maigidana har yau bai taɓa cewa mun yi kuskure ba, in na tayar da zancen sai ya ce a bar tone-tone. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Hajiya. Duk taron suna ko biki sai ta ba da labari, tana yabona: matar ƙanen Alhaji 'yar halak ce, akwai kara, ta hana 'yarta safa ta ba tawa, ta goya ta har saman dutse. Mata su yi ta cewa Allah sarki, irinku sun yi ƙaranci a ƙasar nan. Ni kuma in yi murmushi in ce ba komai. Hoton yana nan rataye a falonsu, kowa yana dariya, yarinyata a gefe ta ɗage ƙafa ɗaya.

Yanzu shekararta goma sha huɗu, ta fi ni tsawo. Ba ta yarda a yi mata lalle a ƙafa, ranar Sallah ma da safa take yawo. Duk lokacin sanyi yatsun nan suna damunta. Jakarta ta makaranta ba ta rabuwa da busasshiyar safa, ita take saya da kanta.

Sanyin da ya wuce, wata safiya da aka rufe makarantu, na same ta zaune a bakin baho ta tsoma ƙafar a ruwan ɗumi. Na tsaya a bakin ƙofa na fara yi mata bayani. Na ce ni koriyar hanya na zaɓa, baffanta ne ya canja. Na ce haka aka rene mu, uwa ba ta fifita nata a gaban dangin miji, ba ƙiyayya ba ce.

Ta saurara har na gama, ba ta ɗago ba.

"Mama, na san Uncle ne ya canja hanya," ta ce. "I don't care about that. Safar tana hannunki. Kin kalle ni, na ga kin kalle ni, sannan kika sa mata."

Ta ɗauki tawul ta goge ƙafar, yatsa bayan yatsa. Na ce ko yana mata ciwo yanzu. Ta ce, "I'm fine."

Haka take cewa kullum. In zazzaɓi ya kama ta, a bakin ubanta nake ji, ko makaranta su bugo waya. Shekara takwas ke nan, tun tsawar da na yi mata a hanyar nan, ba ta sake gaya mini wani wuri yana mata ciwo ba.