Laure Mai Awon Lasifika

A Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi, kowa ya san Laure da abu biyu: matar Hodi mai gyaran rediyo ce, kuma babu mai soya ƙuli-ƙuli kamar nata. Shekara goma sha tara suka yi tare. Hodi yakan zauna a zaure da tabarau mai kauri, a kawo masa rediyo ko rakoda, ya jijjiga, ya kara a kunne, ya ce a dawo jibi. In an dawo kuwa an sami abu yana magana. Har daga Kalgo da Jega ake kawo masa aiki.

Ya rasu a damunar 1986. Laure ta shiga takaba, aka rufe zauren.

Hodi yana da ɗan ƙane, Tamba, mai kaɗa jitar bes, mai kaurin sauti, a wata ƙungiyar kiɗa ta samarin unguwar Nasarawa. Shugabansu Maigandi ne, mai busa ƙaho. Bayan yankan shinkafa aka gayyace su wasa a Argungu, a filin da manoma suke taron raba kyaututtuka. Da suka isa da hantsi, Maigandi ya dubi girman filin ya ce akwatunan lasifika biyu na Tamba ba za su kai sauti bakin gulbi ba. Ya je ya aro wasu biyu wurin wani mai majigi, aka jona wayoyin huɗun duka a bayan amfilifayar Tamba, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi.

Da farko abin ya yi daɗi, don har ƙirjin mutum sautin yake duka. Ana cikin waƙa ta uku bayan la'asar sai bes ta fara gurnani, ta yi shiru. Tamba ya waiga ya ga hayaƙi yana fita ta ramukan amfilifayar, da wari kamar an ƙona taya. Ya kai hannu, ƙarfen ya ƙona shi. Mai ganga ya tsaya da sanda a sama. Tamba ya tsuguna a gaban jama'a ya kasa ko rufe baki. Wannan amfilifaya shekara huɗu yana tare da ita, kuma bayan kwana uku suna da wani wasan a Gulma.

Washegari ya ɗauko ta a bayan babur zuwa gidan marigayin, ko za a sami wani abu a ragowar kayansa da zai kai wa masu gyara a Sakkwato. Ya tarar da Laure a tsakar gida tana tsince gyaɗa.

"Inna, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Mi kaɗ ɗauko haka yana wari?"

Ya ajiye. Ta sunkuya ta shinshina, ba ta ma taɓa ba.

"Akwati nawa kunka jona mata?"

Tamba ya dube ta. "Huɗu, Inna. Wa ya gaya miki?"

"Huɗu! Duk a baki guda? Innalillahi. Kun kashe ta da hannunku."

Ta tashi ta shiga ɗaka, ta fito da mitar Hodi ta awon wuta da ƙarfen narka dalma da sukundireba. Ta juya amfilifayar ta nuna masa wani ɗan rubutu kusa da inda ake jona waya.

"Karanta wanga. Om huɗu, kar a yi ƙasa da haka. Om shi ne nauyin da lasifika ke tare wuta da shi. Kowane akwatinku takwas ne. Biyu gefe da gefe, sun koma huɗu, daidai da ita. Da kunka ƙara biyu sai nauyin ya faɗi zuwa biyu, ta yi ta zuba wuta ba mai tare ta har ta dahu."

Tana magana tana kwance murfin, yatsunta ba sa ko laluben sukuru. Tamba ya zauna a kan turmi.

"Inna, ina kika san wannan?"

"Bara da ta yi maka tsaki, wa kake tsammanin ya gyara ta?"

"Baba."

"Babanka tun shekarar da anka yi zaɓen farar hula, saba'in da tara, bai ƙara ganin lambar tiransisto ba. Yanar ido ta rufe mai gani. Shi ya ce kar kowa ya sani. Da fari yana faɗi ina yi. Daga baya ko faɗin ya bari."

Shekara bakwai ke nan. Tamba ya tuna sau nawa ya zauna a zauren yana yaba hannun tsohon, shi kuwa yana murmushi. Sai "La'ilaha illallahu" yake ta maimaitawa.

Ta gano tiransisto biyu da suka ƙone, 'yan ƙwayoyin da ke sarrafa wutar, ta samo irinsu a cikin wani tsohon gwangwanin madara. Kafin azahar ta liƙa. Ta sa aka kawo akwatunan huɗu ta auna kowane. Allurar mita ta tsaya wajen shida da ɗoriya, ta ce haka mai takwas yake nunawa, kar ya tsorata. Tunda ba ta fita, sai ta zana masa a bayan kwali: akwati biyu a jere, wayar wannan ta shiga wancan, su zama sha shida, sauran biyun ma haka, sannan a haɗa layin biyu gefe da gefe, su dawo takwas.

"Sautin zai ɗan ragu," ta ce, "amma ba ta sake ƙonewa."

Da Tamba ya kai wa Maigandi kwalin, ƙin yarda ya yi cewa Laure ce ta zana. Sai da ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar gida, ya ji muryarta daga bayan asabari tana tambayarsa kaurin wayar da suka yi amfani da ita. Ya cire hula ya sosa kai, ya fita bai yi sallama ba.

An yi wasan Gulma lafiya, amfilifayar ko ɗumi ba ta yi sosai ba. Labari ya bazu a Birnin Kebbi cikin mako guda. Wasu dattawa sun ji haushi, suka ce an yi shekaru ana rufe su. Wani ma cewa ya yi rediyonsa tun asali bai gyaru da kyau ba, alhali ga shi rataye a kafaɗarsa yana magana.

Da ta fita takaba, Laure ta sa aka buɗe zauren, ta ɗora benci a ciki ta zauna da kanta. Aikin farko da aka kawo mata lasifikar masallacin unguwarsu ce, ladan ne ya riƙo ta, yana ta kallon ƙasa.