Hoton Ɗan Farin Jamilatu

Idan ka taɓa shan fura da nono a gindin dalbejiyar bakin tashar Rogo, da wuya in ba Jamilatu ce ta dama maka ba. Doguwar mace ce siririya, ga fara'a, ga baki. Direban da ya kuskura ya ce nononta ya sha ruwa, sai ta tambaye shi ko shi ne ya ɗebo mata ruwan, 'yan tasha su yi ta yi masa dariya har ya biya ya kama gabansa. Da Hausa take ciniki, in rai ya ɓaci kuma ta juya harshe zuwa Fulatanci, ta wanke mutum tas bai san an wanke shi ba.

A wata ruga ta gefen Kwanyawa aka haife ta, a ƙasar Karaye. Ta taso tana bin 'yan maruƙa, ta taɓa karatun allo daidai gwargwado, sannan aka kai ta Rogo Ruma gidan Hammawa, ɗan kawunta, wanda dama tun suna yara kowa ya san da maganarsu. Gida ne na shanu da noma. Hammawa ke riƙe da gonar masara da ta rake, yayansa Sunusi ke riƙe da garke, mahaifiyarsu Inna Laure kuma ita ce kan gida tun rasuwar maigidanta.

Haihuwar fari ta samu namiji, aka sa masa Suhaibu. To, a kan yaron nan ne duk bakin Jamilatu yake mutuwa murus. A gidajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaga ido ta kalle shi a gaban mutane. Kunyar ɗan fari ke nan. Ranar da aka yaye shi Inna Laure ta goya shi ta wuce ɗakinta, ya zama nata, ci da sha da kwana. Ya tashi yana ce wa kakarsa Inna, yana ce wa Jamilatu Adda, wato yaya. An faɗa masa ita ta haife shi, ya kuma yarda, amma yarda ce irin ta wanda aka ce masa akwai teku. Ni dai na sha tambayar tsofaffi amfanin wannan abu, amsar ba ta wuce haka suka tarar. Wallahi amsar ba ta taɓa gamsar da ni ba.

Bayansa ta haifi mata biyu, Sa'adiya da Siddiqa. Waɗannan kam ta goya su, ta yi musu kitso, ta zage su, ta rungume su, duk a idon Suhaibu. Akwai ranar da ya taka fartanya a tsakar gida, jini ya yi ta zuba, yana ihu. Jamilatu tana daka a lokacin. Taɓaryar ba ta tsaya ba, ko waiwaye ba ta yi ba, har Inna ta zo ta ɗaure masa ƙafar. Matan gida suka yi ta yaba mata, wai 'yar gidan mutunci ce. Babu wanda ya ga lokacin da ta shige cikin masara ta durƙusa ta yi kuka har ta yi amai.

Sai Allah ya kawo mata wata 'yar dabara. Hammawa ya sake waya, ya ba ta tsohuwar, mai fasasshen gilashi da matacciyar lasifika, wadda in an kira sai dai ta yi ta kakkarwa a cikin zani. Ta gano cewa abin da ba za ta iya kallo a tsakar gida ba, za ta iya kallonsa a ɗaki in ta sace shi a hoto. Matsalar ɗaya ce, Suhaibu ba ya zama. Yaro ne ɗan shekara bakwai mai ƙiriniyar gaske, yanzu yana kan katanga, yanzu yana ƙarƙashin rumbu, yanzu ya bi 'yan awaki da gudu. Ita kuma wayar, in ka danna sai ta tsaya tana shawara da kanta kafin ta ɗauka. Abin da Jamilatu ta tara a ciki ban tausayi ne: bango, diddige, wani hazo-hazo mai launin rigarsa. Wata uwar da sai ta daka masa tsawa ta ce ya tsaya. Ita ba ta da wannan bakin.

Ana cikin haka, bayan an yi kaka, Sunusi ya tara gida ya ce shi ya gaji. Gonaki sun cinye burtali, kullum sai an kai ƙararsa wajen mai unguwa, zai kwashe garken ya koma ƙasar Taraba, kuma ba tafiyar rani ba ce, zama ne. Inna Laure ta ce ƙafarta ƙafar shanun mijinta. Inda Inna ta sa ƙafa kuwa, nan Suhaibu zai sa tasa. Babu wanda ya tambayi Jamilatu, kuma ko an tambaye ta, abin da za ta ce bai wuce ai ɗansu ne ba.

Sau ɗaya ta yi ta maza, tana miƙa wa Hammawa ruwan alwala, ta ce, "Yaron nan ma da shi za a tafi?"

Hammawa ya zuba wa butar ido. Shi ma fa ɗan farinsa ne, kunyar da ta ɗaure ta ita ta ɗaure shi. Ya ce, "Inna ta ce da shi."

Daga ranar abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Za a tafi da yaron inda sai a shekara ba a gan shi ba, ita kuma ko fuskarsa ba ta taɓa ƙare wa kallo ba. Ta sayar da tunkiyarta, ta ce za ta Kwanyawa gaida iyaye, ta zarce cikin garin Karaye. A Rogo ba za ta iya wannan ciniki ba, kowa ya san ta, kafin la'asar labari ya riga ta gida.

A layin masu waya ta tsaya a rumfar wani saurayi, Sabi'u, saboda shi kaɗai ne bai kira ta da ihu ba.

"Salamu alaikum. Sannu da kasuwa, Malam."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Hajiya. Ya hanya, ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Waya nake so mai saurin ɗaukar hoto. Ba ruwana da kyanta."

Sabi'u ya zaro wata mai ido huɗu a baya, tana walƙiya. Jamilatu ta karɓa ta auna wasu yara da ke gara taya a bakin titi, ta danna. Ta duba, ta miƙa masa abarsa.

"Wannan ai 'yar uwar tawa ce, ado kawai ta fi ta. Ina yaran a nan?"

Ya yi dariya, ya gane ba da baƙauyiya yake magana ba. Ya ce gaskiya yawan idon ba shi ne ba, wasu idanun ma na kwalliya ne. Ya tambaye ta me za ta riƙa ɗauka.

"Yaro."

"To ai da sauƙi, Hajiya. Kowace waya za ta yi, ki ce masa ya tsaya."

"Ba ya tsayawa."

"Ki kira sunansa mana, yana waigowa ki danna. Ba ɗanki ba ne?"

Jamilatu, wadda direbobin Rogo ke shakkar bakinta, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Ta ce, "Na surukata ne."

Ko Sabi'u ya gane ko bai gane ba, bai ƙara tambaya ba. Ya buɗe wata 'yar akwati ya ɗauko wata ta hannu, ba sabuwa ba, gefenta har ya ɗan koɗe. Ya nuna mata yadda take buɗewa nan take, da yadda in ta ɗora yatsa ba ta ɗaga ba, za ta yi ta ɗauka a jere, daga baya ta zaɓi wanda ya fita. Ya ce ta riƙa ba rana baya, kada ta ɗauka a inuwa. Ta sake auna masu tayar. Sai ga yaro a sama, ƙafafunsa biyu ba sa taɓa ƙasa, har ƙudan da ke kafaɗarsa ana gani. Ranar ko tayi ba ta yi ba, ita da ke iya ɓata rabin yini a kan cinikin ludayi.

Abu ɗaya ne bai faɗa mata ba, ita ma ba ta san ana tambaya ba. Wayar tana ƙara in ta ɗauki hoto. Tsohuwar tata bebiya ce, a kasuwa kuma ga janareto ga lasifikar masu wa'azi, ba ta ji komai ba. Da ta koma gida ta naɗe wayar a tsumma ta tura ƙasan kwalla, tana tsoron a gani a tambaya. Kullum sai ta ce gobe, kullum tsakar gidan cike da 'yan sallama, har ranar tafiya ta zo.

Shanu sun riga sun yi gaba a ƙafa tare da samari. Da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofar gida don kwasar mata da kaya da ƙananan maruƙa. Dangi sun taru, maƙwabta sun taru, aka kira malamin unguwa ya yi addu'ar tafiya. Yana ɗaga hannu wani ɗan maraƙi ja ya ƙwace igiya ya zura, Suhaibu ya rufa masa baya yana ƙyaƙyata dariya. Kowa ya sunkuyar da kai cikin tafin hannunsa, wuri ya yi tsit. Jamilatu tana tsaye a jikin rumbu, rana na bayanta. Ta san ba za ta sake samun irin wannan ba. Ta zaro wayar ta bakin mayafi, ta ɗora yatsa.

Ƙyas-ƙyas-ƙyas-ƙyas.

Malam ya yi tuntuɓe a tsakiyar addu'a. Kawuna suka ɗago ɗaya bayan ɗaya, na Inna Laure, na Sunusi, na matan gida, duk suka sauka a kanta da wayar a hannu. Aka shafa fatiha a gurguje. Sai ga Suhaibu ya taho yana jan maraƙin, yana haki, ya tsaya a gabanta kusa-kusa, inda bai saba tsayawa ba. Fuskar nan tasa ta cika da murna.

"Adda, ni kika ɗauka?"

Kalma ɗaya ce amsar, kuma tana bakinta. Amma ga surukarta, ga yayan mijinta, ga malam, ga matan da suka shekara bakwai suna yaba mata. Ta kawar da kai, ta ɗaure fuska.

"Kai a su wa? Maraƙin na ɗauka."

Matan suka saki dariya, kowa ya samu sauƙi, aka ci gaba da loda kaya. Murnar ta sauka daga fuskar yaron a hankali. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ciwo ke nan, yarda ya yi.

"To bari in riƙe miki shi, Adda, ba ya tsayawa."

Ya rungumi wuyan maraƙin da hannu biyu, ya karkatar da kansa can gefe don kada ya ɓata mata hoto. Haka ta tsaya a gaban jama'a ta ɗauki maraƙi. Sannan aka ɗora su duka biyun a mota.

Wayar kam ta yi aikinta, ba a ci kuɗin Jamilatu a banza ba. Da ta shiga ɗaki ta saki labule, ta tarar da shi a ciki tar, yana gudu, bakinsa a buɗe, haƙoransa biyu na gaba sun fita. A ranar ta fara sanin yana da ɗan tabo a gira ta hagu, kuma ba ta san inda ya same shi ba. Ta kalle shi har idonta ya gaji, ta yi kukan da babu masarar da za ta ɓoye shi.

Bayan 'yan makonni Inna Laure ta kira da wayar Sunusi, daga kan wani tudu inda suke samun layi. Ana cikin gaisuwa sai Jamilatu ta ji an fizge wayar.

"Adda, maraƙinki ya fara cin ciyawa."

Ashe ya ɗauki maraƙin a matsayin amanarta. Duk kiran da za a yi sai ya karɓa ya ba ta labari, ya yi ƙaho, ya tunkuyi kare, ya fi sa'o'insa girma. Jamilatu ta riƙa ƙirƙiro tambayoyi a kan dabbar da ko a jikinta, don dai muryar ta daɗe a kunnenta. A 'yan watannin nan ta yi magana da ɗanta fiye da duk shekarun da suka yi a gida ɗaya. Ko a tasha an lura, in wayar ta yi ƙara sai ta bar mai saye da ludayi a hannu ta koma bayan dalbejiya.

Da damina ta kankama ciwo ya shiga garken, ya kashe na kashewa. Inna Laure ce ta faɗa mata a wani kira, tana lissafa asarar da aka yi, har da jan maraƙin nan. Jamilatu ta yi jaje, ta tambayi jikin Inna, ta tambayi ruwa, ta tambayi kowa da kowa, tana jan zancen tana jira a fizge wayar. Ba a fizge ba. Tsohuwar ta gane abin da ake jira, ta ɗaga murya.

"Suhaibu, zo ga Addarka."

Daga can nesa, cikin kukan shanu, Jamilatu ta jiyo shi.

"Me zan ce mata, Inna? Ai ya mutu."

Inna Laure ta ce a gaida yara, layin ya katse.