Kwalabe Biyu Zuwa Maga

Ana sallame asuba motarmu ta bar Garwa, ina rungume da kular ƙanƙara a cinya kamar mai goyo. Kwalabe biyu ne a ciki na albumin, wato furotin da ake tacewa daga ruwan jinin mutane. Likita a Maga ya rubuto wa Baba, wanda ciwon hanta ya kumbura wa ciki, ni kuma a kantin magani nake aiki.

Direba ya so ya ɗaure kular a saman mota tare da buhunan albasa, na ce sam. Matar da ke gefena ta tambaya ko kifi ne, ta ce ai ba a kai wa Maga kifi, garin masunta ne. Na shiga yi mata bayani: zafi yana dafa furotin kamar farin ƙwai, amma a masana'anta sai da aka ɗumama wannan awa goma don ƙwayoyin cuta su mutu, bai kuma daskare ba, domin an fara zuba masa sinadarin da ke riƙe shi. Duk da haka ranar da ke ƙwallewa a hanyar garin Figil ba abar yarda ba ce. Kafin in kai aya ta yi barci. Sauran fasinja Fulatanci suke ta yi, ban tsinci komai ba, kaɗaici ya ishe ni.

A Marwa na sayi ƙanƙara da ƙosai, na ci a tsaye. Bayan Bogo ramuka suka karɓe mu har muka hango gonakin shinkafa. Kwalaben sun isa garau.

Da aka ɗaura wa Baba ta farko, ya tambaye ni jinin wa ne. Na ce na mutane da yawa, ba mu san su ba. Ya sa musu albarka, sannan ya ce, "Ke kuma kwana nawa kika kawo mini?"

Biyu na kawo. Su ma a tsakanin likita da firiji na ƙarar da su, ina duba zafi da sanyi.

Yanzu na dawo Garwa, ina ɗakina a unguwar Pumpumre, ba mai ce mini sannu da hanya. Ƙanwata ta bugo ta ce kumburin ya ɗan sauka, amma Baba ya hana a naɗe tabarmar da aka shimfiɗa mini kusa da gadonsa. Tafiyar ta nuna mini na iya tattalin kwalba fiye da mutum, domin ko sau ɗaya ban zauna a tabarmar nan ba.